Denis Burkitt (1911-1993): Likitan da ya Bi Sawun Sankarar Yara a Afirka

Gabatarwa

A cikin littattafan koyar da aikin likita akwai wata cuta da ake kira da sunan Burkitt. Sankara ce, watau ciwon daji, wadda ta fi kama yara ƙanana a ƙasashen Afirka masu zafi da yawan ruwan sama, har da Nijeriya. Takan kumbura muƙamuƙin yaro ko cikinsa cikin 'yan makonni kaɗan, in kuwa ba a yi mata magani ba takan kai shi kushewa cikin 'yan watanni. Mutumin da aka laƙaba wa cutar sunansa likitan fiɗa ne ɗan ƙasar Ailan, wanda ya yi shekara ashirin yana aiki a Yuganda. Bai mallaki ɗakin bincike ba, bai sami manyan na'urori ba, kuma da ido ɗaya ya yi dukkan aikinsa.

Manufar wannan maƙala ita ce ta bi tarihin wannan mutum daga haihuwarsa zuwa rasuwarsa, domin mai karatu ya ga yadda lura da ƙirga da tambayar inda cuta take suka buɗe wa masana kimiyya hanyoyin da ba su zata ba. A ƙarshe za a duba abin da ya rage ba a yi ba ga yaran da cutar ke kamawa.

Asalinsa da Karatunsa

An haifi Denis Parsons Burkitt ranar 28 ga Fabrairu, 1911, a garin Enniskillen da ke arewacin tsibirin Ailan. Mahaifinsa, James Burkitt, injiniya ne mai kula da hanyoyi da gadoji na lardinsu, amma abin da ya fi shahara da shi shi ne nazarin tsuntsaye. Yakan kama wani ɗan tsuntsu mai jan ƙirji da Turawa ke kira robin, ya sa masa zobe a ƙafa don ya riƙa shaida shi, sa'an nan ya zana a takarda iyakar filin da kowane ɗaya yake tsarewa. A irin wannan gida Denis ya tashi, yana ganin mahaifinsa yana haɗa haƙuri da taswira don ya gane abin da wasu ke wucewa ba su kula ba. Masu iya magana suka ce barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe.

Yana da shekara 11 aka jefe shi da dutse a wata rigima ta 'yan makaranta, ya rasa idonsa na dama. Wannan bai hana shi karatu ba, ko da yake ba a lissafa shi cikin haziƙan ɗalibai a lokacin. A shekarar 1929 ya shiga Kwalejin Trinity ta birnin Dablin da niyyar karanta aikin injiniya kamar mahaifinsa. A can ne ya shiga wata ƙungiya ta ɗalibai Kiristoci, addini ya kama zuciyarsa ƙwarai, har ya ga cewa aikin likita ne hanyar da aka nufe shi da ita. Ya sauya fanni, ya gama a 1935, kuma a 1938 ya ci jarrabawar ƙwarewa a aikin fiɗa a birnin Edinbara.

Burinsa shi ne ya yi aiki a Afirka. Ya nemi shiga aikin lafiya na gwamnatin mulkin mallaka, aka ƙi ɗaukarsa, kuma rashin idon nan yana cikin dalilan da aka kawo. A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu ya shiga rundunar likitocin sojan Ingila, aka tura shi Kenya da Somaliya, daga baya kuma Silon, wadda yanzu ake kira Siri Lanka. A 1943 ya auri wata ma'aikaciyar jinya, suka haifi 'ya'ya mata uku. Bayan yaƙi ya sake neman aikin da aka hana shi, a wannan karo aka ɗauke shi, tun da ya riga ya nuna a fagen fama cewa mai ido ɗaya yana iya fiɗa.

Farkon Aikinsa a Yuganda

A 1946 ya isa Yuganda, aka tura shi garin Lira a gundumar Lango, inda ya riƙe asibiti mai hidimar jama'a masu ɗimbin yawa. A nan ne halinsa na ƙirga ya fara bayyana. Ya lura cewa maza masu zuwa da gwaiwar ruwa sun fi fitowa daga gabashin gundumar nesa ba kusa ba, alhali a yammacinta ba a cika ganinta ba. Ya rubuta wannan ya buga, daga baya kuma aka danganta bambancin da wata tsutsa da sauro ke yaɗawa. Darasin da ya ɗauka shi ne, in cuta ta yawaita a wani wuri ta yi ƙaranci a wani, to akwai dalili a cikin ƙasar ko iskar ko rayuwar mutanen, kuma ana iya nemansa.

A 1948 aka mai da shi asibitin Mulago na birnin Kampala, wanda ke haɗe da makarantar likitoci ta Makerere. Ya yi shekaru yana fiɗa dare da rana, yana koyar da ɗalibai, yana kuma ƙoƙarin samar wa guragu ƙafafun roba da sandunan dogarawa masu araha. Har ya kai shekara 46 babu wanda ya san shi a matsayin mai bincike.

Yaro Mai Kumburin Muƙamuƙi

A shekarar 1957 abokin aikinsa, likita Hugh Trowell, ya kira shi ya duba wani yaro ɗan shekara 5 wanda muƙamuƙansa suka kumbura sama da ƙasa, dama da hagu. Haƙoransa sun yi laƙo-laƙo, fuskarsa ta sauya kama. Burkitt bai taɓa sanin sankarar da ke fitowa a kusurwa huɗu na baki lokaci guda ba. Ya ɗauki hoton yaron, ya rubuta abin da ya gani, ya ɗauka wani abin mamaki ne da ba zai sake faruwa ba. Bayan 'yan makonni, yana ziyarar asibitin garin Jinja, sai ya ga wani yaro da irin wannan kumburi, kuma da ya lalubi cikinsa ya ji ƙulli a ciki.

Wannan ya sa ya koma ga tsofaffin takardun asibiti. Ya tarar an daɗe ana ganin irin waɗannan yara, sai dai kowane likita yana ba abin suna gwargwadon inda ya fito. In a ido yake, a ce sankarar ido ce. In a ƙoda, a ce ta ƙoda ce. In a muƙamuƙi, a ce ta ƙashi ce. Tun farkon ƙarni na 20 likita Albert Cook na asibitin Mengo a Kampala ya rubuta labarin irin wannan kumburi cikin takardunsa. Abin da Burkitt ya yi shi ne ya jera takardun gefe da gefe, ya ga cewa yaron da ke da kumburi a muƙamuƙi sau da yawa yana da shi a ƙoda ko hanta ko wata gaɓa ta ciki. Ashe cuta ɗaya ce mai fitowa a wurare dabam-dabam.

A 1958 ya buga bayanin yara 38 a mujallar likitocin fiɗa ta Ingila. Maƙalar ba ta ja hankalin mutane da yawa ba. Amma abokan aikinsa masu duba tsoka a madubin likita, Gregory O'Conor da Jack Davies, sun tabbatar cewa cutar daga jinsin limfoma take, watau sankarar da ke tasowa daga wani nau'in fararen ƙwayoyin jini, irin waɗanda ke taruwa a kaluluwa da saifa don kare jiki. Aka kuma gane cewa ta kai kusan rabin dukkan sankarar yara da ake gani a Yuganda a lokacin, ta fi kama 'yan shekara 4 zuwa 7, kuma maza sun fi mata kamuwa. A 1961 Burkitt da O'Conor suka buga cikakken bayani a wata mujalla ta Amurka, daga nan ne duniya ta waiwayo.

Taswira da Doguwar Tafiya

Likitocin da suka zo daga Afirka ta Kudu sun shaida wa Burkitt cewa ba su ganin wannan cuta a can. Sai ya tambayi kansa, daga ina zuwa ina take? Da tallafin da bai wuce fam 25 ba ya buga 'yan takardu masu hotunan yaran, ya aika wa asibitocin gwamnati da na mishan a faɗin Afirka, yana tambaya ko sun taɓa ganin irin wannan. Duk amsar da ta zo sai ya soka allura a jikin taswirar da ya manna a bango. A hankali allurai suka yi ɗamara a tsakiyar nahiyar, daga gaɓar yamma zuwa gaɓar gabas, sa'an nan suka yi jela suka gangara ta bakin tekun gabas zuwa Mozambik.

Gani ya kori ji. A watan Oktoba na 1961 ya tashi daga Kampala cikin wata tsohuwar mota ƙirar Ford, tare da abokansa biyu likitocin mishan, Ted Williams da Cliff Nelson, don su gano iyakar cutar ta kudu. Sun yi mako goma a hanya, sun ci kimanin mil 10,000, sun ziyarci asibitoci fiye da 50 a Tanganyika da Rodeshiya da Nyasaland, wadda yanzu ake kira Malawi, da Mozambik har zuwa Afirka ta Kudu. A kowane asibiti sukan nuna hotuna, su duba takardu, su tambayi ƙauyen da kowane yaro ya fito.

Abin da suka samo ya fi abin da suka je nema. Iyakar cutar tana bin tudu da kwari. Kusa da layin da ya raba duniya biyu ana samunta har tsawon ƙafa 5,000 daga bakin teku, amma ba a samunta a bisa haka. Da suka yi kudu sai iyakar ta sauko zuwa kimanin ƙafa 3,000, can gaba kuma ta sauko zuwa ƙafa 1,000, har ya zama sai a kwaruruka da bakin teku kaɗai ake ganinta. Alexander Haddow, masanin ƙwari a cibiyar binciken bairus ta Entebbe, ya duba taswirar ya nuna cewa sanyi ne ainihin shingen: cutar ba ta zama inda ma'aunin zafi ke sauka ƙasa da digiri 60 na Farenhait, watau kimanin digiri 15 na Salsiyos.

Bayan wannan Burkitt ya ziyarci Afirka ta Yamma, har da Nijeriya, inda zafi yake ko'ina. A nan ya ga shinge na biyu, watau ruwan sama. Cutar ta yi yawa a kurmin kudu, ta yi ƙaranci a busassun yankunan arewa, kuma aka ƙiyasta cewa ba ta cika bayyana ba inda ruwan shekara bai kai inci 20 ba. A wajen Afirka kuma an same ta da yawa a tsibirin Niugini, mai irin wannan yanayi. To, zafi da danshi su ne abin da sauro da ire-irensa ke bukata. Don haka zato na farko shi ne, akwai wani bairus mai jawo sankara wanda ƙwaro ke ɗauka daga yaro zuwa yaro.

Bairus da Zazzaɓin Cizon Sauro

Tun kafin doguwar tafiyar, a watan Maris na 1961, Burkitt ya yi lacca a asibitin Middlesex na birnin Landan. A cikin masu sauraro akwai wani masani mai suna Anthony Epstein, wanda ke nazarin bairus masu jawo sankara a jikin kaji. A lokacin an san irin waɗannan a jikin dabbobi, amma ba a taɓa samun ko ɗaya a jikin ɗan Adam ba. Da Epstein ya ji labarin sankarar da ke bin yanayi sai ya ajiye aikinsa, ya roƙi Burkitt ya riƙa aiko masa da tsokar da aka yanko daga marasa lafiya. Haka aka riƙa saka ta cikin jirgin sama daga Kampala zuwa Landan.

Kusan shekara uku ana nema ba a ga kome ba. A watan Disamba na 1963 hazo ya sa aka karkatar da jirgi zuwa Mancesta, saƙon ya makara, ruwan da tsokar ke ciki ya yi gurɓi kamar ya lalace. Da Epstein ya duba a madubi sai ya ga ƙwayoyin sankara ne suka saki jikin tsokar suna yawo da rai a cikin ruwan. Wannan ya nuna masa yadda zai rene su a kwalba. A farkon 1964, shi da Yvonne Barr da Bert Achong suka ga bairus ɗin a madubi mai aiki da lantarki, suka buga labarin a watan Maris na shekarar. Shi ake kira bairus na Epstein da Barr, kuma shi ne na farko da aka danganta da sankara a jikin mutum. A daidai wannan lokaci, a Asibitin Koyarwa na Ibadan, Robert Pulvertaft ya yi nasarar renon irin waɗannan ƙwayoyi daga jikin wani yaro ɗan Nijeriya a 1963. Zuriyar ƙwayoyin nan tana nan har yau ana aiki da ita a ɗakunan bincike na ƙasashe da yawa.

Sai dai bairus ɗin ya zo da nasa ruɗani. Werner Henle da Gertrude Henle a birnin Filadelfiya na Amurka sun nuna cewa yana ko'ina a duniya, kuma fiye da kashi 90 cikin 100 na manyan mutane suna ɗauke da shi. Ta yawu yake yaɗuwa, ba ruwansa da sauro. To, in kowa na da shi, me ya sa sankarar ta tsaya a ɗamarar Afirka? Amsar ta fito daga wuraren da taswirar ta nuna giɓi. A tsibirin Zanzibar da birnin Kinshasa akwai zafi da ruwa, amma cutar ta yi ƙaranci, kuma wurare ne da aka yaƙi sauro da gaske a lokacin. Gilbert Dalldorf ya riga ya kawo zaton cewa zazzaɓin cizon sauro ne abokin aikin bairus ɗin. A 1969 Burkitt ya bar ra'ayinsa na farko a bainar jama'a, ya goyi bayan wannan, domin shi ne ya fi dacewa da taswira.

Binciken da ya biyo baya ya ƙarfafa wannan bayani. Daga 1972 aka ɗebi jinin yara kimanin 42,000 a yankin Nilu ta Yamma na Yuganda, aka bi su shekaru, aka ga cewa waɗanda suka kamu da sankarar daga baya tun farko jininsu ya nuna alamar bairus ɗin da ƙarfi. A cikin shekarun 1970 aka gano cewa a ƙwayoyin wannan sankara wani yanki na kuromosom na 8 yakan ɓalle ya manne a na 14, kuma a 1982 aka gane cewa wannan ƙaura tana kunna wata ƙwayar gado da ake kira MYC, mai umartar ƙwayar jiki ta yi ta rabuwa ba tsayawa. Abin da masana suka tsaya a kai yau shi ne, yaron da bairus ya kama tun yana jariri, sa'an nan zazzaɓi ya riƙa kama shi a kai a kai, fararen ƙwayoyin jininsa sukan yi ta hayayyafa alhali tsaron jikinsa ya raunana, har kuskuren nan na kuromosom ya auku a ɗaya daga cikinsu. An kuma san yanzu cewa cutar iri uku ce: wadda ta zauna a Afirka, da wadda ke ɓulla jefi-jefi a ko'ina cikin duniya, da wadda ke kama masu raunin garkuwar jiki kamar masu ƙanjamau.

Neman Magani

Burkitt likita ne kafin ya zama mai bincike, kuma abin da ya fi damunsa shi ne yaran da ke mutuwa a hannunsa. Fiɗa ba ta amfani, tun da cutar takan bazu a jiki tun kafin a ganta. Na'urar gasa sankara kuwa babu ita a Yuganda a lokacin. Abin da ya rage shi ne magungunan sha da na allura, waɗanda aka fara gwadawa a kan sankarar jinin yara a birnin Boston ƙarƙashin Sidney Farber a ƙarshen shekarun 1940. Kuɗin sayensu babu. Sai Burkitt ya nemi kamfanonin magani su ba shi kyauta, yana kafa hujja da cewa a wurinsa ne za a ga ainihin ƙarfin maganin, tun da marasa lafiyarsa ba a taɓa gasa su ba.

Tare da Herbert Oettgen na cibiyar Sloan-Kettering ta birnin Niyok ya fara da maganin metotireksat a farkon shekarun 1960, sa'an nan aka gwada saikulofosfamaid da binkiristin. Sakamakon ya ba kowa mamaki. Kumburin da ya rufe fuskar yaro yakan saɓe cikin kwanaki, kuma an sami yaran da suka warke sarai bayan allura ɗaya ko biyu. Dalili kuwa shi ne, wannan sankara tana cikin mafi saurin girma a jikin mutum, ƙwayoyinta suna iya ninkuwa cikin kwana ɗaya ko biyu, magungunan nan kuma ƙwayoyi masu saurin rabuwa suke kashewa. Saurin da ke sa ta kisa shi ne kuma lagonta.

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. A Nairobi Peter Clifford yana irin wannan gwaji. A Ibadan kuma akwai Victor Anomah Ngu, likitan fiɗa ɗan ƙasar Kamaru, wanda ya yi wa yaran Nijeriya magani ya bi su ya rubuta sakamakon. A 1967 aka buɗe cibiyar jinyar limfoma a Kampala ƙarƙashin John Ziegler, wadda ta zama Cibiyar Sankara ta Yuganda, kuma likita Charles Olweny ɗan ƙasar ya riƙe ta cikin mawuyacin zamanin Idi Amin. A 1972 Burkitt da Ngu da Ziegler suna cikin waɗanda aka ba lambar girma ta Lasker a Amurka. Aikinsu yana cikin hujjojin farko da suka nuna cewa magani kaɗai yana iya warkar da sankara, abin da ya ƙarfafa gwiwar masu yaƙi da sankarar jinin yara a Turai da Amurka.

Aikinsa na Biyu da Rasuwarsa

A 1964 Burkitt ya ajiye wuƙar fiɗa ya koma bincike ɗungum ƙarƙashin Majalisar Binciken Lafiya ta Ingila, a 1966 kuma ya koma Landan. A can ya sadu da Peter Cleave, wani likitan sojan ruwa mai ra'ayin cewa tataccen abinci ne tushen yawancin cututtukan Turawa. Burkitt ya tuna cewa a shekarunsa na Yuganda da wuya ya ga sankarar babban hanji ko ciwon afendis a jikin mutanen karkara. Ya sake ɗaukar hanyarsa ta dā, ya aika da tambayoyi zuwa asibitoci, har ya riƙa auna nauyin bayan gida da tsawon lokacin da abinci ke yi a ciki. Shi da tsohon abokinsa Trowell suka tsaya a kan cewa cire dusa da harza daga abinci shi ke jawo taurin ciki da basir da wasu cututtukan hanji. A 1979 ya fitar da littafi don jama'a a kan wannan batu, wanda ya yi kasuwa ƙwarai. Ba dukkan abin da ya faɗa bincike ya tabbatar ba, amma an yarda yau cewa cin hatsi da dusarsa da wake da ganye yana rage haɗarin sankarar hanji da ciwon zuciya da ciwon sukari.

An zaɓe shi ɗan Ƙungiyar Masana Kimiyya ta Ingila a 1972. Waɗanda suka san shi sun shaide shi da tawali'u da riƙon addini da barkwanci a wajen lacca, kuma ya fi ɗaukar kansa likitan karkara a kan masanin kimiyya. Ya rasu ranar 23 ga Maris, 1993, a Gloucester ta Ingila, yana da shekara 82.

Kammalawa

Mun ga yadda likita ɗaya ya haɗa abin da wasu suka gani a warwatse, ya ƙirga, ya zana, ya bi hanya da kansa, kuma ya sauya ra'ayi sa'ad da hujja ta saɓa masa. Daga wannan aiki aka sami bairus na farko mai alaƙa da sankarar ɗan Adam, aka fahimci yadda cuta biyu ke haɗuwa su haifi ta uku, aka kuma tabbatar cewa sankarar yara tana warkewa. Wajibi ne a tuna cewa da jikin yaran Afirka aka sami wannan ilmi, kuma likitocin Afirka suna cikin waɗanda suka samo shi.

Sai dai amfanin bai koma gida yadda ya kamata ba. A ƙasashe masu arziki yara 9 cikin 10 da ke da wannan limfoma suna warkewa yanzu. A yawancin ƙasashen Afirka adadin ya gaza haka da nisa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa fiye da kashi 80 cikin 100 na yara masu sankara suna warkewa a ƙasashe masu arziki, alhali a ƙasashe matalauta da yawa ba su kai kashi 30 ba, shi ya sa a 2018 ta ƙaddamar da shirin kai adadin zuwa kashi 60 kafin 2030. Dalilan giɓin sanannu ne: makara wajen zuwa asibiti, tsadar magani, ƙarancin jinin ƙari da masu duba tsoka, da iyayen da ke janye yaro da zarar kumburi ya saɓe tun magani bai cika ba.

Wannan magana ta shafe mu kai tsaye. Ko da yake taswirar farko ta nuna ƙarancin cutar a arewa, rahotannin asibitocin koyarwa na Zariya da Kano daga baya sun sa ta cikin sankarorin yara da aka fi gani a wurinsu. Yaron da muƙamuƙinsa ya kumbura, haƙoransa suka fara girgiɗi ba dalili, ko idonsa ya turo, ko cikinsa ya yi girma cikin 'yan makonni, bai kamata a tsaya ana yi masa tsaga ko cirar haƙori ba. Cutar da ke ninkuwa cikin kwana biyu ba ta jiran a gama shawara, kuma in an kai yaro asibiti da wuri aka cika masa magani, akwai kyakkyawan zaton ya tashi. Yaƙi da sauro ma yana cikin rigakafinta. A nan masana harshe suna da nasu rabon aiki, domin uwar da ke ƙauye ba za ta san waɗannan alamu ba sai an faɗa mata su da harshen da take ji.